Kyamarar Da Za Ta Hau Tanki

Zuwa ga 'Yar Gilashi,

Assalamu alaikum. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya a can gandun dajinku, ke da tsuntsayen da kika zaɓa kika bar mutane. Tun da waya ba ta kamawa a wurinku, dole na koma biro da takarda, zan ba direban motar da ke kai muku kayan abinci. Mutanen gida duk ƙalau. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har bakin titi yake zuwa da ƙafarsa. Ran nan na leƙa Gwaggo, ta ce in tuna miki ita fa mutum ta haifa, ba mai gadin tsuntsaye ba. Uwargidana Malama da yara suna gaishe ki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san aikina: hawa tankunan ruwan kamfani, masu dogayen ƙafafun ƙarfen nan, in duba tsatsa da notin da ya kwance da waldar da ta tsage, in ɗauki hoto, in rubuta rahoto. To kwanakin baya jiri ya kama ni ina tsakiyar tsani. Rungume ƙarfe na yi ina salati har ya sake ni. Likita ya ce daga kunne ne, ba ciwon kisa ba ne, amma hawa sama kam na yi na ƙarshe.

Shugaban sashenmu mutumin kirki ne, sai dai shi ma akwai na sama da shi. Ya ce in na kawo rahoton babban tanki da hoton kowace mahaɗa kamar yadda na saba, ba wanda zai tambaye ni a ina na tsaya na ɗauka. In kuwa ban kawo ba, sallama ce da takardar rashin lafiya. Ni kuwa ban iya komai ba a duniya sai wannan aikin.

Don haka kyamara nake nema, mai zuƙo abu daga nesa, ta hau a madadina. Mai shago ya jera min uku. Akwai ƙatuwa mai dogon hanci, ya ce har ramukan wata tana gani. Akwai matsakaiciya mai allo da ke juyawa kamar ƙyauren taga. Akwai 'yar mitsitsiya ta aljihu. Ke ce ma'aikaciyar hoto a danginmu, sai ki zaɓa min. In kyamara ta gaza dai, tsanin yana nan inda yake. Malama ba ta san na rubuta wannan layin ba, kuma kada ta ji a bakinki.

Ɗan kawunki,
Mai-Tsani

*

Yaya Mai-Tsani,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, sauro ne kawai ya ɗauke ni abincinsa. Na ji daɗin labarin gwiwar Kawu. Ka gaya wa Inna ina nan tafe in ruwa ya ɗauke, ta daina kai ƙarata gida gida.

Layinka na ƙarshe ya ɓata min rai, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wallahi in ka sake taka tsanin nan, da kaina zan rubuta wa Anti Malama, in ja layi biyu a ƙarƙashi. Ka bar batun tsani mu yi batun kyamara.

Kowace da aikinta. 'Yar aljihun ta suna ce da zaman falo da hoton yara, ka manta da ita. Ƙatuwar kuwa irinta muke mafarki a nan, don tsuntsun da ke can ƙolin bishiya a tsallaken rafi, rana tana dukansa. Amma ka sani, in ka miƙe mata hanci har ƙarshe, hasken da ke shiga cikinta raguwa yake yi, kuma ko numfashi ka ja sai hoton ya girgiza. Kai kuwa ba tsuntsu a rana za ka ɗauka ba. Ƙarƙashin tanki za ka ɗauka, inda inuwa take kwana take wuni. Ƙatuwar ba taka ba ce, ta fi ƙarfin hannunka. Matsakaiciyar ta ishe ka: zuƙowarta ba ta kai ta waccan ba, amma idonta ya fi shan haske, kuma tanki ba a wata yake ba. Ka haɗa da ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara.

Sannan ka amsa min wannan, don yana da muhimmanci: jirin nan yaushe yake zuwa? Kana tsaye ne, ko in ka juya, ko in ka sunkuya? Ka rubuta min dalla-dalla, ba irin bayaninka na "ɗan abin da ba a rasa ba" ba.

A gaida Anti da yara. Ka ce wa autarku na ga wani tsuntsu mai tukku irin nata.

'Yar gwaggonka,
'Yar Gilashi

*

'Yar Gilashi,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Takardarki ta zo, na karanta, na kuma fahimta.

Wato ta fi ƙarfin hannuna. Hannun da ya ɗauke ki a kafaɗa kina majina, hannun da ya riƙe guduma a saman tanki iska tana kaɗa mutum kamar tsumma a igiya, yau shi ne kyamara ta fi ƙarfinsa. Likita ya ce kunnena ne ya samu matsala, bai ce na zama tsoho mai karkarwa ba. A ofis ana min kallon tausayi, a gida Malama ba ta bari in ɗauki ko bokiti, ban zaci ke ma za ki bi layi ba.

Ƙatuwar na ɗauka. A ƙofar shagon na gwada ta, na karanta lambar motar da ke can ƙarshen titi sarai, na ga ƙadangare a kan rufin makaranta har ƙiftawar idonsa. Mai ƙafa ukun ban saya ba, ina da ƙafa biyu kuma suna aiki. Gobe da yardar Allah zan je babban tanki, hotunan za su ba ki amsa.

Mai-Tsani

*

Ƙanwata,

Salam. Ki yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake, direban yana min hon. Yayanki ya faɗi a wurin tanki. Muna asibiti, an ɗinke masa kai. Ya farfaɗo yana magana. Ki sa mu a addu'a, zan sake rubutowa.

Malama

*

Anti,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ko gaisuwa zan fara ba ko kuka. Yaya jikin nasa? Yaya ke, yaya yara? Kawu ya sani?

Tun da takardarki ta zo ban iya sa komai a bakina ba. Washegari ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, mota ba ta shigowa, ba ta fita. Na hau tudun da ake cewa waya tana kamawa, na ɗaga ta sama har hannuna ya sage, ko ɗigo. Wannan takardar wani mai gadin daji zan ba, zai haye da kwalekwale, ban san ranar da za ta iso ki ba.

Anti, daga ina ya faɗo? Daga tsakiya ko daga can sama? Bayansa fa? Ƙafafunsa suna motsi? Ki gaya min gaskiya ko mai ɗaci ce, zaman rashin sani ya fi kashe ni.

Akwai abin da ya ce kada in gaya miki, yanzu kuwa ba zan iya riƙe shi ba. A takardarsa ta farko ya rubuta cewa in kyamara ta gaza zai koma tsani. Na tsawatar masa, na ɗauka ya ji. Sai kuma na rubuta masa wata magana a kan ƙarfin hannu, ni ina nufin hannun kowa, har nawa, shi kuma ya ɗauka gori nake masa. Na san halin Yaya, na san in aka taɓa masa wannan wurin sai ya nuna wa mutum. Da bakina na tura shi saman tankin nan. Kullum in na rufe ido ƙafafun ƙarfen nake gani da tsayinsu.

In akwai buƙatar jini, namu ɗaya ne da shi. Ana gyara gadar nan zan taho ko a bayan motar itace ne.

Ƙanwarki

*

'Yar Gilashi,

Assalamu alaikum. Kafin komai: ga ni nan, da ƙafafuna biyu da bayana, a kan kujerar falo, da hannuna nake rubutu. Ki share hawayen, ki goge gilashin, ki je ki ci abinci. Baba lafiya, Gwaggo lafiya, yara sun mai da ɗinkin kaina abin kallo, har 'ya'yan maƙwabta suke kirawo min.

Ban hau ba. Ki sake karantawa: ban hau ba. Daga ƙasa na faɗi zuwa ƙasa. Malama ta ce in ba ki haƙuri, hon ɗin direba ne ya hana ta cika zancen, ba ta san ta jefa ki cikin wannan tashin hankali ba. Amma takardarki ta jawo min. Malama ta karanta wurin da kika tona min asiri, ta ninke takardar, ta zauna ta wanke ni tas, a hankali, irin yadda take yi wa 'yan ajinta.

Ga yadda aka yi. Na isa wurin da hantsi. Ƙafata da kanta ta kai ni gindin tanki, daidai inda tsani ya fara, don nan nake tsayawa tun da na kama aikin nan. Ban taɓa tunanin akwai wani wurin tsayawa ba. Na manna ido a 'yar tagar leƙen kyamara, na ɗaga ta sama, na karya wuya baya. Hoto na farko, na biyu, sai na ga tankin ya fara zagaye ni. Ban san sauran ba. Mai gadin wurin ya ce jirgewa na yi kamar buhu, ƙeyata ta samu kan famfo. Ya ce kuma ko da na faɗi kyamarar tana sama a hannuna, ban bari ta taɓa ƙasa ba. Ki rubuta wannan a wani wuri, game da ƙarfin hannu.

Likita ya tambaye ni abin da kika tambaye ni na ƙi amsawa. Da na yi masa bayani sai ya ce ai shi ke nan: ba tsayi ne ke kawo jirin ba, ɗaga kai sama ne. A kan tsani ma abin da ya faru ke nan, na ɗaga kai in duba mataki na gaba. Ko labule zan rataya a ɗaki haka za ta faru. Ya koya min wasu juye-juyen kai a kan gado, ya ce da sannu zai lafa, amma kada in yi wasa.

Hotunan kuwa, na duba. Baƙi ƙirin, ga dishi-dishi, ba ki bambance noti da kashin tsuntsu. Kin faɗa. Na faɗa miki kin faɗa, kada ki ce in maimaita.

Yanzu kam hankalina ba a kwance yake ba. Shugaban sashe ya zo duba ni, ya ce ya roƙa min ɗan ƙarin lokaci, amma ba zai iya roƙo sau biyu ba. Abin da ke sama ake so in ɗauka, ni kuma an hana ni kallon sama. In kina da dabara, yanzu ne lokacinta, kunnena a buɗe yake, har mai ciwon.

Yayanki mai taurin kai

*

Yaya,

Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Takardarka ta zo da motar farko da ta haye sabuwar gada. A bakin motar na buɗe ta, na karanta "ban hau ba", sai na zauna a kan buhun albasa ina dariya ina kuka. Direba ya zaci rasuwa aka yi, ya fara min ta'aziyya. Ni lafiya, na ci abinci har da ƙari. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana kai da taurin kan naka.

Da ka amsa min tambayar nan tun farko, da ba a ɗinke ka ba. Ba sai ka kalli sama ba, Yaya. Kyamara ce za ta kalli sama, kai ka kalli ƙasa. Amfanin allon nan mai juyawa ke nan, wanda ka raina.

Ga kwali nan na ba direba. Matsakaiciyar ce, tawa ta kaina, da ƙarfenta mai ƙafa uku, na naɗe su a zanen gado. Ta sha wuya, fentin gefenta ya goge, murfin batir sai an danna da ƙarfi, amma idonta garau yake. Ka bi wannan kamar maganin likita.

Ka bar gindin tanki, ba wurinka ba ne yanzu. Ka ja baya sosai, har sai ka ga tankin gaba ɗaya ba tare da haɓarka ta ɗaga ba. Ka tafi da kujera. Ka kafa mai ƙafa ukun ƙasa-ƙasa, daidai gwiwarka, ka ɗaga hancin kyamarar, ka juyo allon ya kalle ka, ka sunkuya a kansa kamar mai karanta jarida. Ka je da sassafe, rana tana fitowa, lokacin haskenta a kwance yake, yana shiga ƙarƙashin tankin. Ɗaya gefen kuma ka bari sai yamma. Kada ka danna da yatsa ka tsaya riƙe da ita. Na saita ta, in ka danna ka janye hannu, za ta ɗan jira ta ɗauka da kanta. Ba don hannunka ba, ranka ya daɗe. Ni ma haka nake yi.

Ƙatuwar kuma ka aiko min da ita. Akwai wata gaggafa da ta yi sheƙa a tsallaken rafi, ta daɗe tana raina min hankali. Ka ga kowa ya samu daidai shi.

Ki yi haƙuri Anti, na san kina karantawa ta bayan kafaɗarsa. Ki raka shi ranar farko.

'Yar Gilashi

*

'Yar Gilashi,

Assalamu alaikum. Gida lafiya, an cire zaren, jirin ya yi sauƙi ƙwarai. Gwaggo ta ce in kin gama da gaggafar ki tuna kina da uwa. Ƙatuwar tana hannun direba, na gaya masa in ya ɗora mata buhu ni da shi ne.

Na kai rahoto. An karɓa. Ina nan a aikina.

Na so in ja miki rai kafin in faɗa, na kasa. Bari ki ji yadda aka yi. Malama ta raka ni kamar yadda kika ce, ita ta ɗauki kujerar. Muka wuce gindin tanki, ƙafata tana ja na can, Malama tana ja na nan, har muka kai bakin katangar wani gareji. Na zauna, na sunkuya a kan allo. Da farko haushi ya kama ni, ƙato da ni a kan kujerar roba, makanikai suna leƙe suna tambaya ko fim ake yi. Sai rana ta fito ta shiga ƙarƙashin tankin. Na zuƙo. 'Yar Gilashi, noti ya cika allon, har zaren jikinsa ina ƙirgawa, har wani jan fenti da na shafa da hannuna tun kafin a haifi autarmu.

Da yamma muka koma ɗaya gefen, a nan na ga abin da ban taɓa zato ba. Mahaɗar da ke bayan tankin ta waje, inda tsani ba ya kaiwa, tsatsa ta ci ta ta yi zurfi. Duk hawan da na yi a rayuwata ban taɓa ganin wurin ba, don ba a ganinsa sai daga nesa. Na kai wa shugaban sashe, ya daɗe yana kallo, ya ce a tura masu walda da motar ɗaga mutane. Ya ce kuma daga yanzu haka za a riƙa yi: in zagaya tankunan in ɗauko daga ƙasa, masu hawa su hau inda hoto ya nuna kawai.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ina kewar sama. Ina kewar in buga guduma in ji ƙarfe ya amsa, don mai lafiya da mai ciwo ba muryarsu ɗaya ba, kyamara kuwa ba ta da kunne. Na ce wa masu hawan su riƙa bugawa da ƙarfi, ina ji daga kujerata. Amma na samu sauƙin da ban san ina nema ba. Na gode, ƙanwata. Allah ya biya ki. Ga Malama za ta sa hannu, ta ce yau ba direban da zai yi mata hon.

Yayanki

Ƙanwata, ni ce. Ba dogon zance zan yi ba. Tun da aka kawo ni gidan nan, duk safiyar da yayanki zai fita aiki sai na bi shi har ƙofa, in tsaya ina kallon ƙeyarsa har ya sha kwana. Shi ya ɗauka soyayya ce, na bar shi a haka. Haddace shi nake yi, don ban san ko da ƙafarsa zai dawo ba. Yau da safe ina ɗaure wa auta takalmi, na ɗago na tambayi yara ina babansu. Suka ce ai ya daɗe da fita. Ban ma ji ƙarar ƙofa ba.

Malama